Barkono: Dalilan da suka sa Hausawa da ’yan Koriya ke son yaji kuma suke jure masa

Da zarar an idar da Sallar Magariba a unguwar Nasarawa da ke kudancin Kogin Kaduna, cikin Ƙaramar Hukumar Chikun, masu tsire da balangu sukan fara hura wuta a bakin titi, masu awara su ɗora kasko, masu shayi kuma su shiga yanka attarugu domin taliya da ƙwai. Duk teburin da mutum ya tsaya zai tarar da gwangwanin yaji a kansa. Ba kasafai mai saye ke tambaya ko akwai yaji ba, sai dai ya ce a ƙara masa ko a rage.

Nasarawa na cikin unguwannin da suka cika da jama’a albarkacin masana’antun Kakuri, tun daga Masaƙar Kaduna da ta fara aiki a 1957 zuwa masaƙun da suka biyo bayanta da kamfanin haɗa motocin Peugeot da aka buɗe a 1975. Ma’aikata sun zo daga sassa daban-daban na ƙasar nan, kowa da irin yajin gidansu. Bahaushe ya zo da dakakken yaji mai ƙuli da citta, Bayarabe da jar miyar attarugu, Ibo da farfesu mai masoro da kimba, mutanen Kaciya da Kwoi kuwa da cittar da suke nomawa. Masaƙun sun durƙushe, amma girkin ya zauna, ya kuma cakuɗa.

A ’yan shekarun nan wata al’umma ta daban ta shigo cikin zancen yaji a irin waɗannan unguwanni. Finafinan Koriya ta Kudu da ake kallo a waya da talabijin suna yawan nuna tebur cike da jajayen abinci, matasa kuma suna kallon gasar cin taliyar Buldak mai zafi a TikTok da YouTube. Wannan ya sa mutane da dama ke tambaya: me ya sa wasu al’ummomi ke neman abin da ke sa su hawaye da gumi, kuma ta yaya bakinsu ke jurewa?

Abin da yaji ke yi a jiki

Masana kimiyya sun ƙidaya ɗanɗano iri biyar da harshe ke ganewa: zaƙi, tsami, ɗaci, gishiri, da kuma armashi irin na nama da daddawa. Yaji ba ya cikinsu. Jijiyoyin da ke ɗaukar saƙon zafi da raɗaɗi ne ke ɗaukar saƙonsa, shi ya sa ake jin sa a leɓe da hanci da ido da fatar hannu, wuraren da ba su san zaƙi ko tsami ba.

Sinadarin da ke haddasa wannan zafi a cikin barkono sunansa kafsaisin. A bakin jijiyoyin jiki akwai wata ’yar ƙofa da masana suka sa wa suna TRPV1, wadda aikinta shi ne buɗewa idan zafi ya kai kimanin digiri 43 a ma’aunin Salshiyos, domin ta gargaɗi ƙwaƙwalwa cewa ana dab da ƙonewa. Kafsaisin yana buɗe wannan ƙofa ba tare da wani zafi na haƙiƙa ba. Ƙwaƙwalwa sai ta ɗauka wuta ce, ta umarci jiki ya fitar da gumi, hanci ya yi yoyo, ido ya kawo ruwa, zuciya ta ƙara sauri. Farfesa David Julius na Jami’ar Kalifoniya da ke San Faransisko da abokan aikinsa ne suka gano wannan ƙofa a 1997, kuma aikin ya sa ya samu kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2021 tare da Ardem Patapoutian.

Citta da masoro su ma suna taɓa wannan ƙofa da nasu sinadaran, sai dai ƙarfinsu bai kai na barkono ba. Tsuntsaye kuwa ba sa jin zafin kafsaisin ko kaɗan. Sukan ci ’ya’yan barkono su kasayar da irin a nesa ba tare da ya lalace ba, alhali ɓeraye da sauran dabbobi masu tauna iri sukan guje masa. Ta haka tsiron ke kare kansa kuma yake yaɗuwa. Akasarin sinadarin yana cikin farin jijiyar da ’ya’yan ke manne da ita a cikin kwanson, ba a cikin ’ya’yan kansu ba kamar yadda ake zato.

Abin da ake kira barkonon tsohuwa, wato hayaƙin da jami’an tsaro ke harbawa don tarwatsa taro, akasari wani sinadari ne da ake haɗawa a masana’anta, babu barkono a cikinsa. Feshin barkono da ake fesa wa mutum a fuska shi ne ake yi da kafsaisin.

Ma’aunin zafi

A 1912 wani masanin haɗa magunguna ɗan Amurka, Wilbur Scoville, ya ƙirƙiro hanyar auna zafin barkono. Yakan tsarma ruwan barkono da ruwan sukari har sai masu ɗanɗanawa sun daina jin zafin, yawan tsarmin da aka yi shi ne makin barkonon. A yau na’ura ce ke yin awon, amma ma’aunin ya ci gaba da amsa sunansa.

A wannan ma’auni, koren tattasai mai zaƙi yana kan sifili. Dogon barkono irin shambo yakan kai maki 30,000 zuwa 50,000. Dangin attarugu suna tsakanin 100,000 zuwa 350,000. Tsantsar kafsaisin ya kai miliyan 16. Barkonon da ke riƙe da kambun duniya a kundin Guinness tun 2023 shi ne wanda ake kira Pepper X, mai maki fiye da miliyan biyu da rabi.

Barkonon Koriya ba ya kusa da waɗannan. Wanda ya fi shahara da zafi a can, mai suna Cheongyang, yana wajen maki 10,000 ne, wato attarugun da ake kasawa a Kasuwar Monday ta Kakuri ko Bakin Dogo ya ninka shi sau goma ko fiye. Taliyar Buldak ta asali, wadda kamfanin Samyang ya fitar a 2012, makinta 4,404. Abin da ya bambanta girkin Koriya shi ne yawan barkonon da ake zubawa. Da yake nasu mai sauƙin zafi ne kuma yana da ɗan zaƙi, sukan zuba shi da cokali-cokali har abinci ya rine ja, yayin da uwargida a Kaduna ke ƙirga attarugu uku ko huɗu ga tukunyar miya guda.

Baƙo ne a ƙasar Hausa

Duk da yadda barkono ya zama ɗan gida, asalinsa daga nahiyar Amurka yake. Mutanen Meziko da Kudancin Amurka sun shafe dubban shekaru suna noma shi kafin tafiyar Christopher Columbus a 1492. Bayan nan ne ’yan kasuwar Fotugal suka ɗauke shi a jiragen ruwa zuwa gaɓar Afirka ta Yamma da Indiya da Gabas Mai Nisa, daga gaɓar teku kuma fatake suka shigo da shi cikin ƙasa.

Bai tarar da bakin Bahaushe babu yaji ba. Akwai masoro da kimba da citta mai ’ya’ya da fasaƙwari, waɗanda ’yan asalin Afirka ta Yamma ne, akwai kuma citta mai yatsu da kanumfari da suka zo daga Asiya ta hanyar fatauci. Citta mai ’ya’ya ta yi daraja a Turai a ƙarnonin baya har aka raɗa wa gaɓar tekun Laberiya ta yau sunanta. Ita kanta kalmar yaji tana cikin tsohon tarihi, domin littafin tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Ali, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, an yi masa laƙabi da Yaji ne saboda zafin ransa tun yana yaro. Zamaninsa ya riga zuwan barkono da fiye da shekara ɗari. Har yau idan mace ta fusata ta bar ɗakin mijinta akan ce ta yi yaji.

Barkono ya samu karɓuwa cikin sauri saboda dalilai na zahiri. Masoro da kimba sun fi son daji mai damshi na kudu, sai an yi safararsu an saya da kuɗi. Barkono kuwa yana fitowa a bayan ɗaki da fadama da gonar damina, yana bushewa a rana ya yi watanni a ajiye, kuma ɗan kaɗan ya wadatar da gida.

Baƙo ne a Koriya ma

Labarin Koriya bai yi nisa da wannan ba. Rubutu na farko da ya ambaci barkono a can shi ne kundin da malami Yi Su-gwang ya wallafa a 1614, inda ya bayyana cewa daga Japan ya shigo kuma yana da guba. Yawancin masana tarihi suna danganta shigowarsa da zamanin yaƙin da Japan ta kai wa Koriya daga 1592 zuwa 1598. Sai a wani littafin noma da kula da gida na 1766 aka ga cikakken bayanin sa barkono a kimchi da kuma haɗa gochujang. Ke nan Jang-geum, wadda wani shahararren fim na 2003 ya nuna a matsayin mai girkin fada, wadda ta rayu a zamanin Sarki Jungjong, tsakanin 1506 da 1544, ba ta taɓa girki da barkono ba.

Kafin zuwansa, ’yan Koriya suna amfani da citta da tafarnuwa da wani ɗan itace mai suna chopi, wanda dangin fasaƙwari ne na kusa. Su ma bakinsu ya riga ya saba da abu mai raɗaɗi.

Kimchi ganyen kabeji ne ko wasu kayan lambu da ake barbaɗa wa gishiri, a cakuɗa da garin barkono da tafarnuwa da citta da gishirtaccen kifi ko jatan lande, a bar shi ya yi tsami. Hunturun Koriya yana da tsanani, a birnin Seul matsakaicin sanyin watan Janairu yana ƙasa da sifili, gona kuma ba ta ba da komai. Saboda haka iyalai da maƙwabta kan taru a ƙarshen kaka su haɗa kimchin da zai kai su bazara, aikin gayya da ake kira kimjang, wanda hukumar UNESCO ta sa a jerin al’adun duniya a 2013. Garin barkono ya taimaka wajen danne ƙarnin kifi da ƙawata launi, ya kuma samu gurbi a abincin da ake ci safe da rana da dare. Gochujang kuwa wani kauri ne da ake yi da garin barkono da shinkafa mai danƙo da waken suya da aka ruɓar. Matsayinsa a girkinsu ya yi kama da na daddawa da yaji idan aka haɗa su wuri guda.

Abinci mai tsananin zafi da ake gani a finafinai sabon abu ne. Tuwon shinkafa da ake dafawa cikin jar miyar gochujang ya bazu ne bayan Yaƙin Koriya da ya tsaya a 1953. Taliyar Shin Ramyun ta fito a 1986. Gasasshiyar kaza mai tsananin yaji ta yi tashe a farkon shekarun 2000, bayan matsin tattalin arzikin 1997, kuma ’yan Koriya da dama sukan ce suna cin irin wannan abinci ne don sauke gajiya da damuwar aiki.

Dalilan so da juriya

Babban dalili shi ne sabo. Idan kafsaisin ya yawaita taɓa bakin jijiya, jijiyar takan rage ƙarfin saƙon da take aikawa. Wanda ke cin attarugu kullum ba ƙarfin hali kawai yake yi ba, zafin da ke isa ƙwaƙwalwarsa ya ragu da gaske. Wannan canji ba na dindindin ba ne. Ɗan Kaduna da ya yi wata shida a ƙasar da ba a cin yaji zai dawo ya tarar miyar gidansu ta fi ƙarfinsa, sai bayan ’yan makonni bakinsa ya koma yadda yake. Barkono ba ya kashe ƙwayoyin ɗanɗano na harshe.

Dalili na biyu shi ne reno. Babu jaririn da ake haifa yana son yaji. Masanin halayyar ɗan Adam Paul Rozin na Jami’ar Fensilbeniya ya yi nazari a wani ƙauye na Meziko, aka wallafa sakamakon a 1980, inda ya ga yara suna fara son barkono da kansu tun suna ƙanana, ba tare da an tilasta musu ba, saboda suna ganin manya suna ci da marmari kuma ana ƙara musu kaɗan-kaɗan. Haka ake yi a gidajen Hausawa, inda yaro ke fara lasar miya daga yatsan uwarsa, ya kai ga sa hannu a kwano ɗaya da yayyensa, ya kai ga sayen awara da yaji a ƙofar makaranta. A Koriya iyaye sukan ɗauraye kimchi a ruwa kafin su ba ƙaramin yaro, sannan a rage ɗaurayar yayin da yake girma.

Dalili na uku shi ne daɗin da ke cikin wahalar da mutum ya san ba za ta cutar da shi ba. Rozin ya lura cewa mutane da yawa sun fi son yajin da ya kusa kaiwa iyakar juriyarsu. Jiki yana ihun wuta, hankali kuma ya san lafiya lau, wannan saɓani ne ke ba da nishaɗi irin na mai hawa lilo mai tsayi a filin wasan Sallah. Masana da dama suna ganin jiki na sakin sinadaran rage raɗaɗi a irin wannan lokaci, abin da ke kawo sakewar da ake ji bayan an sha farfesu mai zafi.

Gado ma yana da nasa kaso. Wani nazari da aka yi kan tagwaye a ƙasar Finlan, aka wallafa a 2012, ya nuna cewa gado na bayyana kashi 18 zuwa 58 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin mutane wajen son abu mai yaji. Shi ya sa a gida ɗaya, a tukunya ɗaya, ake samun mai neman ƙari da mai kuka da yawansa. Abincin wani gubar wani. Sai dai wannan bambanci tsakanin mutum da mutum ne. Shekara ɗari huɗu ko biyar da barkono ya yi a Koriya da ƙasar Hausa sun yi kaɗan a ce sun sauya halittar al’umma gaba ɗaya.

Akwai kuma yanayin cimar kanta. Tuwon dawa da na masara da shinkafa da wake da rogo abinci ne masu cika ciki amma ba su da wani ƙarfin ɗanɗano, haka ma farar shinkafar da ’yan Koriya ke ci. Yaji yana tsinka yawu, yana buɗe ciki, yana sa a iya cinye kwano guda ko da babu nama. Garau-garau misali ne: shinkafa da wake, mai da yaji, shi ke nan an ƙoshi. A lokacin tsadar rayuwa, barkono na cikin hanyoyi mafi arha na sa abinci ya ciwu.

An daɗe ana cewa zafin ƙasa ne ke sa mutane cin yaji, ko don gumi ya sanyaya jiki, ko don kayan yaji su hana abinci lalacewa. A 1998 wasu masana biyu na Jami’ar Cornell, Paul Sherman da Jennifer Billing, sun duba girke-girke fiye da 4,500 daga ƙasashe 36, suka ga an fi zuba kayan yaji a ƙasashe masu zafi. Amma wani nazari mafi girma da masana a Ostareliya suka wallafa a 2021, bayan duba girke-girke sama da 33,000, bai samu hujja mai ƙarfi cewa kariya daga cuta ce ta haifar da hakan ba. Koriya mai dusar ƙanƙara da Kano mai zafin bazara duk suna son barkono, ke nan tarihi da fatauci da al’ada sun fi yanayi tasiri.

Yaji da lafiya

Kuskuren da ya fi yaɗuwa shi ne cewa barkono ke kawo gyambon ciki, wato olsa. Likitoci biyu ’yan Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, sun tabbatar a farkon shekarun 1980 cewa wata ƙwayar cuta mai suna Helicobacter pylori ce ke haddasa yawancin gyambon, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2005. Babban dalili na biyu shi ne yawan shan magungunan kashe ciwo irin su asfirin da ibuprofen da diclofenac, waɗanda ’yan kasuwa da direbobi da masu aikin ƙarfi ke saya a kemis ba tare da takardar likita ba. Yaji yana iya tayar da raɗaɗi ga mai gyambo ko mai ƙwarnafi, don haka rage shi yana kawo sauƙi, amma barin yaji ba ya kashe ƙwayar cutar. Mutum na iya shekara goma yana ƙaurace wa barkono alhali ciwon na ci gaba da cinsa, bayan kuwa gwaji da maganin mako biyu kan iya raba shi da shi. Wanda ya ga jini a amai, ko bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta, ko yana ramewa babu dalili, asibiti ya kamata ya nufa ba tare da jinkiri ba. Ga mazauna Nasarawa da Kakuri, Babban Asibitin Gwamna Awan na kusa, akwai kuma Asibitin Koyarwa na Barau Dikko a cikin gari.

A ɓangaren amfani, ɗanyen barkono da tattasai suna da sinadarin bitamin C mai yawa, har ma daga tattasan ƙasar Hangari masani Albert Szent-Györgyi ya tace shi da yawa a binciken da ya ba shi Nobel a 1937. Ana sa kafsaisin a wasu mayukan shafawa na ciwon gaɓoɓi da na jijiya. Wani babban nazari a ƙasar Sin da ya bibiyi mutum kusan rabin miliyan, aka wallafa a 2015, ya gano cewa masu cin abinci mai yaji kwana shida ko bakwai a mako sun samu raguwar haɗarin mutuwa da kashi 14 cikin 100 a tsawon nazarin, idan aka kwatanta da masu ci ƙasa da sau ɗaya a mako. Masu nazarin da kansu sun yi gargaɗin cewa alaƙa suka gani, ba su tabbatar barkono ne sanadi ba.

Haɗarin da ya fi girma yana cikin abin da ake haɗa yajin da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya. Dakakken yajin tsire da na garau-garau yana ɗauke da gishiri da dunƙulen magi masu yawa, ana kuma barbaɗa shi a kan abincin da tuni an sa masa gishiri. Mai hawan jini ya fi buƙatar lura da wannan fiye da zafin barkonon. Koriya ta Kudu na cikin ƙasashen da suka fi fama da kansar tumbi, kuma likitoci sun fi danganta hakan da gishirtaccen abinci da ƙwayar Helicobacter, abin da ya sa gwamnatinsu ke duba cikin duk wanda ya kai shekara 40 sau ɗaya a shekara biyu. Haka abin yake a jego. Binciken da likitocin Jami’ar Ahmadu Bello ta Zariya suka yi a shekarun 1970 ya danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan shan kunun kanwa da wankan tafasasshen ruwa da kwanciya a gado mai wuta, saboda kanwa na ɗauke da sinadari irin na gishiri.

Yaji mai tsanani ƙwarai yana iya jawo amai da murɗar ciki, musamman ga yara. A watan Yunin 2024 hukumar abinci ta Denmak ta janye nau’i uku na taliyar Buldak daga kasuwa saboda yawan kafsaisin, bayan wata guda ta mayar da biyu daga ciki. Gasar cin yaji da yara ke kwaikwayo daga waya abu ne da ya kamata iyaye su sa wa ido.

Daga gona zuwa turmi

Arewa ce ke ciyar da Najeriya da barkono. A Jihar Kaduna ana noma shi sosai a yankunan Kudan da Hunkuyi da Giwa da Makarfi da Ikara da Soba, a Katsina akwai Ɗanja, a Kano akwai filayen noman rani na Kadawa da Kura. Daga nan manyan motoci ke kai shi har Kasuwar Mile 12 da ke Legas. A Jamhuriyar Nijar, busasshen tattasan Diffa da ake nomawa a gaɓar Kogin Komadugu Yobe ya yi suna, har rikicin Boko Haram ya sa hukumomi suka hana cinikinsa a 2015 kafin su sassauta daga baya. Citta kuwa daga Kaciya da Jaba da Kagarko take fitowa, kuma annobar da ta afka wa gonakinta a daminar 2023 ta sa farashinta ya yi tashin gwauron zabo, abin da masu tsire da masu kunu da masu zoɓo suka ji a jikinsu. Ɗanyen attarugu yakan yi tsada a tsakanin ƙarshen noman rani da fitowar na damina, kamar yadda aka gani a watannin Mayu da Yunin 2024, lokacin da gidaje da yawa suka koma ga busasshe.

Busasshen barkono yana da nasa sharuɗɗa. Idan aka shanya shi a ƙasa, ko aka zuba shi a buhu bai gama bushewa ba, yakan yi fumfuna mai fitar da gubar aflatoksin, wadda ke lalata hanta kuma dahuwa ba ta kashe ta. Niƙaƙƙen gari kuma ya fi sauƙin algus. A 2005 Birtaniya ta janye ɗaruruwan kayan abinci daga kantuna bayan an gano jan rinin masana’anta mai suna Sudan 1 a garin barkonon da aka yi amfani da shi. Mai saye zai fi samun kwanciyar hankali idan ya zaɓi barkono ɗungurungum mai ƙyalli da ƙamas-ƙamas, marar baƙin tabo ko warin damshi, ya kai inji ko ya daka a gida, ya ajiye a mazubi mai murfi nesa da laima.

Idan yaji ya fi ƙarfin baki

Ruwa ba ya kashe zafin barkono, domin kafsaisin ba ya narkewa a ruwa, sai dai ya bi shi ya ƙara bazuwa a baki. Nono da kindirmo da madara sun fi aiki, saboda suna da maiƙo da wani sinadarin gina jiki da ke kama kafsaisin ya wanke shi daga harshe. Wannan ne ya sa barkono da citta da ake dakawa a cikin fura ba sa damun mai sha idan an dama da nono. Sukari ko zuma ko lomar tuwo ko burodi suna rage raɗaɗin su ma.

Idan miya ta yi yaji fiye da kima, ƙarin tumatir ko tattasai ko gyaɗa ko mai yakan sassauta ta. Mai son ƙamshin attarugu ba tare da tsananin zafinsa ba sai ya tsaga shi ya cire farin jijiyar ciki kafin ya jajjaga. Wadda hannunta ke raɗaɗi bayan jajjage ta fara murza man gyaɗa kafin ta wanke da sabulu. Idan kuma ya shiga ido, a yi ta zuba ruwa mai tsafta na tsawon mintuna ba tare da murzawa ba, in raɗaɗin ya ƙi lafawa ko gani ya dushe a je asibiti.